Ƙidaya da Jin Ta Baki: Tarihin Auna Tasirin Tallan Littattafai da Jaridun Hausa a Zariya

Gabatarwa

Duk wanda ya kasa haja a kasuwa, ko ya ɗora wa yaro talla, akwai tambayar da ke jiransa da maraice, watau shin tallan nan ya ci ko bai ci ba. Masana harkar ciniki sun kasa hanyoyin amsa wannan tambaya gida biyu. Hanya ta farko ita ce ta ƙidaya, inda akan lissafa yawan abin da aka fitar, da abin da aka sayar, da kuɗin da ya shigo. Hanya ta biyu kuwa ita ce ta jin ta bakin jama'a, inda akan saurari mai saye a ji dalilin da ya sa ya saya, ko dalilin da ya sa ya taya ya wuce.

Manufar wannan maƙala ita ce mu bi tarihin yadda aka yi amfani da waɗannan ma'aunai biyu wajen sayar da wata haja wadda ta shafi kowane mahalarcin wannan taro, watau littafi da jarida na Hausa. Mun zaɓi Zariya domin kuwa a nan ne, a Tukur-Tukur, dab da Tudun Wada, aka kafa gidajen da suka riƙe ɗab'in Hausar boko fiye da shekara hamsin. Abin da muke son nunawa shi ne, duk lokacin da mai biyan kuɗin littafi ya zama daban da mai karanta shi, to alƙaluman ciniki sukan ruɗi masu bugawa, kuma babu abin da ke warware wannan ruɗu sai a je a ji ta bakin mai karatun. Za mu kuma nuna cewa ita ma hanyar jin ta baki tana da nata ramin, wanda ƙidaya ce kaɗai ke iya tona shi.

Ma'aunan Biyu

Waɗannan ma'aunai ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Matar aure da ke ƙosai ko dakuwa a cikin gida, idan 'yar talla ta dawo, takan fara ƙirga kuɗi ta gwada da abin da ta zuba a faranti. Bayan haka sai ta shiga tambaya: a wace ƙofa aka saya, wa ya ce ya yi ƙanƙanta, wa ya ce barkono ya yi yawa, wace ce kuma ta fito da irinsa a unguwar. Kuɗin da ta ƙirga yakan gaya mata yadda cinikin yau ya kasance, amsoshin yarinyar kuwa su ke gaya mata abin da za ta gyara gobe. Haka nan fatake ba su dogara da dillali don ya haɗa ciniki kawai ba. Shi ne kunnensu a kasuwa, shi ya san launin da ake yayi da wanda aka daina.

A ƙasashen Turai da Amurka an mayar da waɗannan hanyoyi fannin ilmi ne a farkon ƙarni na ashirin. A shekarar 1914 aka kafa wata hukuma a Amurka mai tantance yawan kwafin da kowace jarida ke sayarwa, domin masu ba da talla sun gaji da alƙaluman da masu jaridu ke faɗa da bakinsu. Ingila ta kafa irinta a 1931. To amma ba a daɗe ba aka ga cewa yawan alƙaluma ba shi ne ingancinsu ba. A zaɓen shugaban Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta tara amsoshin mutum fiye da miliyan 2, ta ce Roosevelt zai faɗi, sai ga shi ya ci jihohi 46 daga cikin 48. Ɗaya daga cikin dalilan wannan kuskure shi ne, mujallar ta ɗebo yawancin sunayen ne daga jerin masu tarho da masu mota, watau masu hali. George Gallup, wanda ya tambayi mutane kaɗan ƙwarai idan aka gwada da na mujallar, amma ya zaɓo su daga kowane rukunin jama'a, shi ya faɗi wanda zai ci daidai. A cikin shekarun 1940 kuma Robert Merton da Paul Lazarsfeld suka shimfiɗa hanyar tara mutane kaɗan a zauna a tattauna da su a kan wani shirin rediyo, don a gano abin da ya taɓa zuciyarsu a ciki. Waɗannan abubuwa sun faru ne a daidai lokacin da ake aza harsashin ɗab'i a Zariya.

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mu rarrabe matakai huɗu waɗanda sau da yawa akan cuɗa su. Akwai kwafin da aka buga, akwai wanda aka raba ko aka aika, akwai wanda wani ya sa hannu a aljihunsa ya saya, sa'an nan akwai wanda aka karanta ko aka saurara. Na farko da na biyu suna cikin littafin ma'aji, ƙirga su ba wuya. Na uku sai an bi dillalai an karɓo kuɗi da ragowar kaya kafin a san shi. Na huɗu kuwa ba ya shiga kowane littafin lissafi, alhali shi ne dalilin yin aikin tun farko.

Hukumar Talifi da Gaskiya Ta Fi Kwabo

Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara a 1929, aka dawo da ita Zariya a farkon shekarun 1930, ta koma Hukumar Talifi a 1933 a ƙarƙashin Rupert East. Aikinta na farko shi ne samar wa makarantun elementare da na midil abin karantawa, saboda haka mai sayen kayanta ɗaya ne, watau Sashen Ilmi da En'o'in larduna. A irin wannan ciniki babu bukatar talla, domin yawan 'yan makaranta shi ke faɗin yawan kwafin da za a buga.

Abin lura shi ne, da East ya so fita daga wannan ƙangi, bai fara da ƙidaya ba. A 1933 ya zaga manyan garuruwan Arewa yana zama da malamai da ma'aikatan En'e, yana neman su rubuta ƙagaggun labarai. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East kansa. A wata maƙala da ya buga a mujallar Africa a 1936, East ya bayyana wahalar da ya sha kafin malamai su yarda cewa ƙaga labari aikin manya ne, domin a wurinsu rubutu na ilmin addini ne, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Babu wani jadawalin alƙaluma da zai nuna masa wannan. Zama da mutane ne ya nuna masa cewa kafin a tallata littafi ɗaya, sai an fara tallata ra'ayin karatu don nishaɗi shi kansa.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam yana edita, sau ɗaya a wata. Sunan jaridar kansa talla ne, domin ya faɗi farashi ya kuma yi alkawarin cewa abin da ke ciki ya fi farashin. Kafinta akwai Jaridar Nijeriya Ta Arewa, wadda aka fara a 1932 cikin Hausa da Larabci da Ingilishi, amma wannan ta sarakuna ce da ma'aikatansu. Sa wa sabuwar jarida kwabo ɗaya ya kawo wani ma'auni, domin mutumin da ya ba da kwabonsa ya ba da shaidar cewa yana son abin.

Sai dai manufar gwamnati ta wuce tara kwabbai. An kafa jaridar ne a lokacin da jita-jita ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus ta Hitler, ana kuma son a sami hanyar kashe irin wannan magana. To, idan manufa ita ce a sauya abin da ake faɗi a kasuwa da ƙofar masallaci, yawan kwafi ba zai nuna ko an ci nasara ba. Da yaƙi ya yi zafi, a 1941 aka ƙara fitar da wata takarda mai suna Suda wadda ake rabawa kyauta, ita kuwa ko shaidar kwabon babu a kanta. Ana iya sanin nawa aka buga, amma takardar kyauta tana iya ƙarewa a hannun mai karatu, tana iya ƙarewa a teburin mai tsire.

Abin da ya cece Gaskiya daga wannan duhu shi ne wasiƙun masu karatu. Imam ya buɗe musu fili, malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e suka dinga rubutowa daga larduna, har da sojojin da yaƙi ya kai ƙasashen waje. Ta waɗannan wasiƙu edita ya san garuruwan da jaridar ke isa, da batutuwan da ke motsa mutane, da irin Hausar da ke shiga kunnensu. Koke-koken da ya tara ta wannan hanya a kan mulkin En'e da halin da 'yan boko ke ciki suna daga cikin abin da ya sa ya iya yi wa Lugga bayanin matsalolin Arewa, bayan sun sadu a Ingila a 1943, lokacin da ya je cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma. Haka nan shigar da shafin ajami mai suna 'Yar Gaskiya a 1941 amincewa ce da abin da kowa ke gani a gari, watau masu karatun ajami sun fi masu karatun boko yawa nesa ba kusa ba.

Duk da haka, tilas mu faɗi iyakar wannan ma'auni. Wanda ke rubuta wa edita wasiƙa mutum ne mai boko, mai takarda da alƙalami, mai kuɗin kan sarki, kuma kusa da gidan waya. Manomi da aka karanta wa jaridar a zaure ba ya rubutowa, matar kulle ma haka. Wasiƙun sun nuna zurfin tasirin jaridar a cikin wani ƙaramin rukuni, amma ba su nuna faɗinsa ba. Wannan shi ne ramin da Literary Digest ta faɗa, ko da yake ta wata ƙofa: jin muryar masu hali a ɗauka muryar kowa ce.

Zamanin NORLA

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, da injinan ɗab'i nasa na kansa, a 1948 kuma ya fara buga jaridar Nigerian Citizen da Ingilishi. Da gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, sai aka ga cewa wanda ya koyi karatu a aji, idan bai sami abin karantawa ba, zai manta. Don haka aka kafa Hukumar Adabi ta Jihar Arewa, wadda aka fi sani da NORLA, ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959. A cikin waɗannan 'yan shekaru ta buga ƙananan littattafai masu yawa a kan kiwon lafiya da noma da sana'o'i da tarihi da waƙoƙi, cikin Hausa da Fulatanci da Barbarci da Tibi da Nufanci da wasu harsuna. Ta kuma fitar da jaridun larduna, irin su Bazazzaga ta Zariya, da Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Zumunta ta Bauci, da Albishir ta Barno.

Idan da yawan abin da aka buga ne ma'aunin nasara, da babu gidan ɗab'in Hausa da ya kai NORLA a wancan zamani. Amma a 1959 aka rufe ta, aka mayar da aikinta hannun Kamfanin Gaskiya, kuma matsalar kuɗi da ta isar da littattafai ga masu saye suna kan gaba cikin dalilan. Neil Skinner, wanda ya yi aiki a hukumar, ya rubuta tarihinta a 1970, ya kuma kira ta gwaji tun daga kan maƙalarsa. Mu a ganinmu gwajin ya nuna abubuwa uku.

Na farko, lissafin kasuwar ya dogara ne a kan yawan waɗanda suka shiga azuzuwan Yaƙi da Jahilci da waɗanda suka sami takardar shaida. Waɗannan alƙaluma na gaskiya ne, amma amsar wata tambaya ce daban. Takardar shaida tana nuna mutum ya iya haɗa baƙi da wasali a ranar jarrabawa. Ba ta nuna yana da sisin da zai raba da cefane ya sayi littafi ba, ba ta kuma nuna akwai inda zai saya a garinsu ba.

Na biyu, ƙidayar jama'a ta 1952 ta riga ta ba da wani gargaɗi. Ta nuna Jihar Arewa tana da mutum wajen miliyan 17, masu karatun boko kimanin 2 cikin 100, masu karatun ajami da Larabci kuwa kimanin 5 cikin 100. Ma'anar wannan ita ce, babbar kasuwar littafi tana hannun almajirai da malaman zaure, kuma wannan kasuwa tana da 'yan kasuwarta tun da daɗewa, masu kasa littattafan addini a ƙofar masallacin Juma'a da kasuwannin ƙauye. NORLA ta buga wasu littattafai da ajami da Larabci, amma ginshiƙin aikinta boko ne, domin shi gwamnati ke yaɗawa. A nan ƙidaya ta faɗi gaskiya, manufar gwamnati ce ta rinjaye ta.

Na uku, akwai hajar da tasirinta ya zarce cinikinta ninkin ba ninkin. Waƙar Infiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin nan na ƙasar Zazzau, an buga ta an sayar, amma yawancin waɗanda suka san ta ba a takarda suka same ta ba. A bakin makafi da almajirai masu rera ta suka ji, daga baya kuma a rediyo. Wanda ya auna wannan waƙa da kwafin da aka sayar zai raina ta ƙwarai. Ɗan littafin tsabta da aka aika wa kowane hakimi ɗauri guda kuwa, a littafin ma'aji zai fito kamar ya fi ta karɓuwa, ko da ɗaurin yana nan a kusurwar ofis ba a kwance ba.

Kamfanin NNPC da Kasuwar Makarantu

A 1966 aka kafa Kamfanin Buga Littattafai na Nijeriya ta Arewa, watau NNPC, a Zariya, bisa haɗin gwiwa da kamfanin Macmillan na Ingila. Shi ya gaji littattafan Hukumar Talifi da na NORLA, ya ci gaba da sake buga su. Wannan karon an shigo da tsarin 'yan kasuwa sosai, ana lissafin riba da hasara, ana kuma bin ma'aikatun ilmi da makarantu da samfurin littattafai. Zamani ya kuma taimaka. An ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, suka zama 19 a 1976, kowace da ma'aikatar ilminta. A 1976 ɗin aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, kuɗin man fetur yana shigowa, Hausa kuma ta zauna da gindinta a jarrabawar sakandare da kwalejojin horon malamai da jami'o'i. Wasu kamfanonin ma suka buɗe rassa a Zariya saboda wannan kasuwa.

Alƙaluman wannan zamani sun fi na NORLA inganci, domin kuɗi ne ake biya, ba rabo ba ne. Amma tsohuwar matsalar tana nan ta sake riga. Mai sa hannu a takardar oda jami'in ma'aikata ne, mai zaɓen littafi kwamitin manhaja ne, ɗalibi kuwa tilas ce ta sa shi karantawa. Idan littafi ya shiga manhaja sai cinikinsa ya tashi, idan ya fita sai ya kwanta, kuma babu ɗaya daga cikin biyun da ke nuna ko ɗalibin zai nemi wani littafin Hausa bayan ya gama jarrabawa. Tallan da ake aunawa shi ne wanda aka yi wa ma'aikata.

Ba za mu ce ba a yi yunƙurin neman sabon ɗanɗano ba. Gasar da NNPC ta shirya a ƙarshen shekarun 1970 ta haifar da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, waɗanda suka fito a 1980. Biyu daga cikin ukun nan labaran soyayya ne na matasan zamani, wannan kuwa alama ce babba ga mai lura. Amma kafin a bi wannan alama sai tattalin arziki ya juya. Daga 1982 gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, a 1986 aka karya darajar naira, takarda da tawada da ake shigowa da su suka yi tsada, jihohi suka rage sayen littattafai. Da babban mai sayen nan ɗaya ya ja baya, sai manyan gidajen ɗab'i suka rage buga sababbin ƙagaggun labaran Hausa ƙwarai, kamar dai babu masu karatu.

Abin da Marubutan Kano Suka Tona

Masu karatu kuwa suna nan. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa, maza da mata, suka fara buga littattafansu da kuɗinsu a ƙananan maɗaba'u, akasari a Kano. Talatu Wada Ahmed da Rabin Raina, da Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya, sa'an nan Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, suna cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya. Su wa ke saye? Yaran nan ne da shirin 1976 ya koya wa karatu, musamman 'yan mata da matan aure, waɗanda ba su taɓa fitowa a littafin cinikin kowane kamfani ba sai a matsayin adadin 'yan aji.

Waɗannan marubuta ba su karanta ilmin talla ba, amma sun haɗa ma'aunan biyu fiye da waɗanda suka gabace su, domin jarinsu ƙarami ne, kuskure ɗaya ya isa ya karya su. Sukan raba labari kashi biyu ko uku, su buga na ɗaya, idan ya ƙare a hannun 'yan kasuwa kuɗinsa ya buga na biyu. Wannan ƙidaya ce wadda ba ta ƙarya, domin kwafin da bai sayu ba yana dawowa ɗakin mai shi. Sukan kuma sa adireshinsu a littafin, wasiƙu su yi ta zuwa, ana yabo, ana suka, ana neman a gyara ƙarshen labari. Gidajen rediyo suna karanta littattafan, masu ba da haya a unguwanni sun san wanda ake layi a kansa. Marubuci yakan je kasuwa da ƙafarsa ya ji daga bakin mai shago.

Masana sun yi ta muhawara a jaridu cikin shekarun 1990 a kan darajar wannan adabi, wanda Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Ba hurumin wannan maƙala ba ne ta yanke hukunci a kan wannan. Abin da ya shafe mu shi ne, ko a nan ma'aunan suna da gurbi. Littafin haya ɗaya yakan ratsa gidaje da yawa, a ƙirga shi kwafi ɗaya. Bin son mai saye kaɗai kuma yakan sa kowa ya koma rubuta abin da ya sayu jiya, a bar tarihi da kimiyya da littattafan yara, waɗanda al'umma ke bukata ko da cinikinsu na tafiya a hankali.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da ƙa'idoji uku. Ta farko, kafin a karɓi kowane adadi a tambaya wane mataki ya ƙirga: bugawa, ko rabawa, ko saye, ko karantawa. Ta biyu, a tambaya ko mai biya shi ne mai amfani, domin inda suka rabu a nan alƙaluma suka fi ruɗi. Ta uku, idan an ji ta bakin jama'a a tambaya su wa suka yi magana, su wa kuma ba su da hanyar yi, sa'an nan a koma ga ƙidaya a ga ko masu maganar su ne masu yawa.

Waɗannan ƙa'idoji ba su tsufa ba. Yawancin ƙagaggun labaran Hausa sun koma wayar hannu, ana karanta su a WhatsApp da Facebook da Wattpad, ana sauraren su a YouTube. Na'ura tana ba marubuci adadin waɗanda suka buɗe shafinsa nan take, abin da Imam bai taɓa samu ba. Amma buɗe shafi daidai yake da karɓar takardar Suda kyauta, ba ya nuna an karanta, balle an biya. Masu rubuta ra'ayi a ƙarƙashin labari kuwa su ne masu wasiƙun wannan zamani, watau masu waya mai kyau da kuɗin intanet.

Saboda haka muke ba da shawara ga sassan Hausa na kwalejojin ilmi, musamman na nan Zariya, su ɗauki wannan awo a matsayin aikin ɗalibai. Ba sai an tafi nesa ba. Mazaɓar Dutsen Abba tana cikin Ƙaramar Hukumar Zariya, ƙaramar hukuma ɗaya da Tukur-Tukur, kuma irin jama'arta, manoma da matansu da almajirai, su ne waɗanda aka kafa NORLA dominsu. Ɗaliban da aka tura koyarwar gwaji a irin wannan yanki suna iya ƙirga littattafan Hausa da ke kowace makaranta da gidajen da suka amince, na boko da na ajami, su rubuta yadda kowanne ya shigo: saye, ko kyauta, ko aro, ko gado. Bayan haka su zauna da maza a zaure, ɗalibai mata kuma su shiga cikin gida, su tambaya wa ke karantawa, wa ake karanta wa, me ake saurare a rediyo da waya, me kuma ake so a samu ba a samu ba. Idan aka maimaita wannan shekara uku ko huɗu a wuri ɗaya, da tambayoyi iri ɗaya, za a sami bayanin da marubuta da masu ɗab'i da masu tsara manhaja za su dogara da shi kafin su zuba kuɗi a takarda.